Wace Waya Ce Ta Dace Da Dattijo? Abubuwan Dubawa Kafin A Kai Wa Iyaye Tsaraba

A duk lokacin da Sallah ta gabato, ko shekara ta zo ƙarshe, kasuwannin waya irin su Banex da ke Wuse a Abuja, da Farm Centre a Kano, da Computer Village a Ikeja ta Jihar Legas sukan cika da wani rukuni na masu saye: ma'aikata da 'yan kasuwa masu shirin tafiya ganin gida, kowa yana neman wayar da zai riƙa wa mahaifi ko mahaifiya tsaraba. Tambaya biyu akasarinsu suke yi wa mai shago: nawa ce, kuma wacce ake yayi?

Bayan 'yan watanni, a gidaje da dama, sai a tarar da wayar ta koma cikin kwalinta a ƙasan akwati, ko kuma tana hannun jika yana kallon TikTok. Tsohuwa kuwa ta koma wa ƙaramar wayarta ta da, wadda aka ɗaure murfinta da roba. Idan aka tambaye ta, sai ta sa albarka, ta ce wayar tana nan tana ajiye. Alkunya ba za ta bar ta ta faɗi gaskiyar magana ba, wato ba ta ganin rubutun, kuma ko kira ya shigo ba ta san inda za ta taɓa ta amsa ba.

Asarar kuɗin saye ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin wannan lamari. A Najeriyar yau, waya ce hanyar da dattijo yake sanin an biya shi fansho, da ita ake turo masa kuɗin cefane, kuma ita zai lalubo da tsakar dare idan jiki ya motsa.

Daga kayan alatu zuwa abin dole

A watan Agustan 2001 ne kamfanonin MTN da Econet, wanda a yau ake kira Airtel, suka fara aikin wayar salula a Najeriya. A lokacin, layi kaɗai yakan kai Naira 20,000 ko fiye, don haka sai wane da wane. Zuwan Globacom a 2003 da tsarin cajin kira bisa daƙiƙa ya taimaka wajen karya farashi, waya ta fara shiga hannun talaka.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai zaɓe. Mutumin da ke da shekara 70 a yau bai wuce 46 ko 47 ba lokacin da salula ta shigo. Ke nan dattawa da yawa ba baƙin waya ba ne. Sun shafe kusan shekara 20 suna danna kore su amsa, su danna ja su kashe, har yatsunsu sun haddace wurin kowane maɓalli ko a cikin duhu. Wanda ya raba su da wannan sabo rana ɗaya ya ɗora musu sabon karatu, kuma ya kamata ya tabbatar akwai dalilin yin hakan.

Abin da ya sauya tun daga wancan lokaci shi ne nauyin da aka ɗora wa layi. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da lambar BVN, asusun banki ya ɗauru da lambar waya. A Disamban 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma daga baya aka rufe miliyoyin layukan da ba a haɗa ba. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira, tsofaffi da dama sun wuni a layin banki ko gaban masu POS, domin ba su iya tura kuɗi ta waya ba.

Haka ma a fannin fansho. Hukumar PTAD, mai kula da 'yan fanshon gwamnatin tarayya na tsohon tsari, tana da hanyar da ɗan fansho yake tabbatar da cewa yana raye ta intanet, ta hanyar ɗaukar hoton fuskarsa ko zanen yatsa. Maniyyaci kuwa, idan ya isa Madina, ta manhajar Nusuk ake neman izinin shiga Rauda. Duk waɗannan sun sa tambayar wace waya ta wuce batun kwalliya.

Ido, kunne da yatsa

Jikin mai wayar shi ne ma'auni na farko. Daga shekara 40 zuwa sama, idon ɗan Adam yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, shi ya sa ake ganin mutum yana miƙe hannu nesa kafin ya karanta saƙo. Da shekaru suka ƙara ja, sai yanar ido ta shigo. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta ga masu shekara 40 zuwa sama. Saboda haka girman rubutu da hasken fuskar waya sun fi yawan kyamarorinta muhimmanci. Ya dace a gwada wayar a tsakar gida da rana tsaka, domin fuskar da take haske a cikin shago takan dushe a ƙarƙashin rana. Idan kuma dattijo ya kasa karanta rubutu ko bayan an ƙara masa girma, to asibitin ido ya kamata a fara zuwa kafin kasuwa, tunda yanar ido ana cire ta da aiki mai sauƙi.

Na biyu shi ne kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai tsanani. Yawanci siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, don haka ƙarar kira mai kauri ta fi mai siririn sauti isa kunnen tsoho. A saurari lasifikar wayar da kyau: akwai mai ƙarfi amma tana rarrabe murya idan an ƙure ta. A kuma haɗa ƙara da girgiza, domin wayar da ke cikin aljihun babbar riga ko ƙullin zane ba kullum ake jin kukanta ba.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne yatsa. Gilashin babbar waya yana aiki ne da ɗan sinadarin lantarki da ke jikin fata mai laima. Fatar tsoho takan bushe, ta manomi ko makiyayi takan yi kanta, kuma hunturu yana ƙara busar da ita. Sai mutum ya shafa sau uku wayar ba ta amsa ba, a na huɗu ya danna da ƙarfi ya buɗe abin da bai nufa ba. Mai rawar hannu ko ciwon gaɓoɓi ya fi shan wannan wahala. Irin wannan dattijo ba rashin fahimta ke damunsa ba, kuma faɗa ba zai gyara komai ba. Maɓallai masu tudu, waɗanda ke da tazara a tsakaninsu, su ne maganin matsalarsa.

Ƙarama ko babba?

Ƙaramar waya mai maɓallai, irin su Nokia 105 da takwarorinta na Itel da Tecno, tana da falalar da ba a cika yaba mata ba. Cajinta yakan yi kwanaki, tana jure faɗuwa, tana da tocila don alwalar asuba, kuma ɓarawo bai cika kwaɗayinta ba. Da yawa daga cikinsu suna kama rediyon FM ba tare da an saƙala abin kunne ba, wanda babban abu ne ga mutumin da ya saba da labaran safe da sanarwar rasuwa da ɗaurin aure. Wasu suna da gurbin katin memori, inda za a zuba karatun Alƙur'ani da tafsiri ko wa'azi. Kamfanin Transsion na ƙasar Chaina, mai Tecno da Itel da Infinix, ya daɗe yana sanya Hausa cikin harsunan wayoyinsa, kuma ya dace a duba ko wadda za a saya tana da ita. Tura kuɗi ma yana yiwuwa a ƙaramar waya ta lambobin USSD na bankuna, sai dai akwai cajin Naira 6.98 a kan kowane amfani.

Babbar waya kuwa tana da abu guda da ƙarama ba za ta iya ba, kuma shi ne yake jan hankalin iyaye: murya da fuska. Saƙon murya na WhatsApp ya cire wa wanda bai yi boko ba buƙatar rubutu. Da danna wuri guda, uwa za ta yi wa ɗanta da ke Fatakwal ko Jidda nasiha da bakinta, ta saurari amsarsa a lokacin da ta ga dama, ta kuma ga jikan da aka haifa ba ta je suna ba. Ga tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda ya saba da karanta jarida, babbar waya taga ce da ke hana kaɗaici.

Idan an zaɓi babba, a kula da abubuwa uku. Kada a saya mai ƙaramin ƙarfi ƙwarai don ganin cewa tsoho ba ya buƙatar da yawa. Wayar da ke daskarewa ta fi rikita dattijo, domin ba zai gane ko laifinsa ne ko na wayar ba. Kada kuma a miƙa masa tsohuwar wayar da aka gaji da ita ba tare da dubawa ba, saboda WhatsApp da manhajojin banki sukan daina aiki a kan tsofaffin nau'o'in Android. Sannan a lissafa kuɗin data, wanda ya ƙaru tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na farashin kira da data a Janairun 2025. Wanda ya sayi babbar waya ya ɗauki alkawarin data na kowane wata, ko da bai furta ba.

A gidaje da yawa, mafita ita ce a haɗa biyun: ƙarama a aljihu don kira da saƙon banki, babba a ɗaki don gaisawa da 'ya'ya da jikoki bayan sallar isha'i.

Wuta da sabis

Wayar da ta dace da Gwarimpa ba lallai ta dace da ƙauyen da ake kai caji shago ana biya ba. A Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta. Masu ƙananan wayoyi ne suka fi samun sauƙi a kwanakin. Idan babba za a saya, batir mai ƙarfin 5,000mAh ya zama ruwan dare a yanzu, kuma bai kamata a sauka ƙasa da haka sosai ba. Ɗan ƙaramin faifan sola ko ma'ajiyar caji ta tafi-da-gidanka suna cikin kuɗin da ya kamata a ware tun farko.

Bakin caja ma abin dubawa ne. Tsohon samfuri yana shiga ta fuska ɗaya kawai, kuma mai raunin gani yakan tura shi a juye har ya lalata wurin cajin. Sabon samfurin da ake kira USB-C yana shiga ta kowace fuska.

Game da sabis, maƙwabta sun fi kowane talla sanin gaskiya. A tambaye su wane layi ne yake kamawa a cikin ɗaki, ba sai an hau tudu ko an fita bakin hanya ba. Waya mai layi biyu tana da amfani a inda sabis yake rawa, amma a saita ta yadda ba za ta riƙa tambayar dattijo da wane layi zai kira ba a duk lokacin da ya danna lamba. Biyan kuɗin 5G kuwa ɓarna ce ga wanda ke zaune a inda 4G ma da ƙyar take samuwa.

Layi ya fi waya daraja

Waya idan ta faɗa rijiya ana sayen wata. Layi ne yake ɗauke da asusun banki, da fansho, da lambar da dangi suka sani shekara da shekaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wa tsoho rajistar layi da NIN ɗin ɗansa ko na wani maƙwabci don a rage masa wahalar bin layi. Ranar da wayar ta ɓace, kamfani zai nemi wanda sunansa ke kan rajistar kafin ya sake bayar da layin. Idan mutumin ya yi tafiya, ko ya rasu, ko an ɓata da shi, sai a shiga dogon zarya. Ana iya duba matsayin haɗin layi da NIN ta hanyar danna *996#.

Akwai kuma haɗarin barin layi a kwance. Bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a kira, ba a tura saƙo, ba a sa kati ba, ana iya dakatar da shi, kuma idan ya kai kimanin shekara a haka ana iya sayar wa wani. Dattijon da ya yi doguwar jinya, ko ya tafi zama wurin 'ya'yansa a ƙasar waje, yana iya dawowa ya tarar saƙon asusunsa yana shiga wayar baƙo. Katin Naira 100 da kira ɗaya lokaci-lokaci sun isa su hana hakan.

'Yan damfara kuwa sun san tsofaffi suna da ladabin amsa kira da girmama hukuma. Sukan kira su ce daga banki ne, an rufe BVN, ko kuma an zaɓi mutum cikin masu cin gajiyar wani tallafi, sai ya karanto lambobin da aka turo masa yanzu. Doka ɗaya ce ya kamata a nanata wa iyaye har ta zauna: banki ba ya neman lambar sirri, ko lambobin jikin katin ATM, ko lambar da ya turo ta saƙo. Duk wanda ya nema, a kashe wayar a kira ɗa ko 'ya. Sanya wa layi kansa lambar sirri yana hana ɓarawon waya zare shi ya kwashe kuɗi ta USSD, sai dai kuskure uku yana kulle layin, don haka a adana katin da layin ya zo a jikinsa, domin a nan lambar PUK ta buɗewa take. Bankuna da yawa suna da lambar gaggawa ta rufe asusu daga kowace waya. A nemo ta, a rubuta a takarda, a ajiye a gida.

Wani ɓangare mai nauyin faɗa shi ne cewa ba duk ɓarna ce take zuwa daga waje ba. Tsohon da bai iya tura kuɗi ba yakan miƙa wa duk yaron da ke kusa, ya faɗa masa lambar sirri da babbar murya. Ya fi kyau iyali su zauna da shi ya zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi, kuma saƙon shiga da fitar kuɗi ya ci gaba da zuwa wayarsa. Dukiyarsa ce, kuma taimako bai kamata ya zama hanyar ƙwace masa iko da ita ba.

A bakin shago

Idan da hali, a tafi da mai wayar kasuwa, ko a ari irinta a kai masa ya riƙe. Gani ya kori ji. A bar shi ya karanta suna, ya danna lamba, ya amsa kira da kansa ba tare da an nuna masa ba. Minti biyar na wannan gwaji ya fi duk bayanin da ke jikin kwali.

Jabun wayoyi sun yi yawa, musamman masu ɗauke da sunan Nokia. Danna *#06# yana fito da lambar IMEI, wadda ya kamata ta yi daidai da ta jikin kwali. A karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba da sunan shago. Wannan ya fi zama dole idan wayar ta hannu ce, domin an sha kama mutanen kirki da wayar sata da suka saya ba su sani ba, kuma ba dattijo ne ya kamata ya kwana a ofishin 'yan sanda a kan tsarabar ɗansa ba. A kuma fifita samfurin da mai gyaran garinsu yake da batirinsa da gilashinsa. Riga mai kauri da gilashin kariya ba su da tsada idan aka kwatanta da canjin fuska.

Bayan an buɗe kwali

Rabin aikin yana farawa ne bayan saye. A ƙara girman rubutu, a tsawaita lokacin da fuska take ɗauka kafin ta mutu, a kawar da duk manhajar da ba a buƙata daga shafin farko, a bar uku ko huɗu. A ƙaramar waya, a ɗora mutanen da aka fi kira a kan maɓallai 2 zuwa 9, ta yadda dogon danni ɗaya zai kira su. A babba, a sa hoton kowa a kan lambarsa.

Sunaye ma a rubuta su yadda mai wayar yake kiran mutanensa. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗan farinta ba za ta neme shi da sunan da ke kan takardar makaranta ba. A sa mata Babangida, ko Auta, ko Yaya Babba, yadda bakinta ya saba. Dattawa da yawa da ake ɗauka ba su iya karatu ba suna karanta ajami sarai, kuma ana iya adana musu sunaye da haruffan Larabci.

Tura kalmar STOP zuwa 2442 yana dakatar da saƙonnin talla da suke cika waya, waɗanda ta cikinsu ake shigar da mutum tsare-tsaren da ke cinye masa kati bai sani ba. Lambar *310# tana nuna ragowar kuɗi a kowane layi, 622 ta kai ƙorafi ce ga NCC, 112 kuma ta neman agajin gaggawa ce, kyauta. A rubuta muhimman lambobin dangi a ɗan littafi da manyan baƙaƙe, saboda ranar da wayar za ta mutu.

Koyarwa tana son haƙuri. Abu ɗaya a rana ya isa: yau amsa kira, gobe saƙon murya. A bar wayar a hannunsa, shi ya danna, ko da zai ɗauki lokaci. Wanda ya fizge waya ya ce "kawo in yi miki, Inna" ya gama aikin a daƙiƙa goma, amma ya koya mata cewa ba za ta iya ba. Mutanen nan su ne suka yi haƙurin koya wa 'ya'yansu riƙe cokali da ɗaure tazuge, ba su ƙosa ba.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Nisan wurin aiki da halin da hanyoyi suke ciki sun sa wani kaso na zumuncin ya koma kan waya, kuma wannan ne ainihin dalilin tsarabar. Dattijo ba ya auna waya da kuɗinta. Abin da yake lura da shi shi ne sau nawa ta yi ƙara a mako, da kuma muryar wa ya ji da ya ɗauka. Bayan an zaɓa, an saita, an koma bakin aiki, sauran abin da ya rage a kan mai tsarabar shi ne ya riƙa kira.